Lambar lasisi da binciken intanet: kamfanoni sun ƙara kulle manhajojinsu, amma wa ke jin jiki?

Duk wanda ya saba shiga shagunan buga takardu ko gidajen intanet a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ba mamaki ya taɓa ganin wani ɗan rubutu dishi-dishi a kusurwar allon kwamfuta, ƙasa ta hannun dama: "Activer Windows". Galibi ba wanda ke kula shi, tunda aiki na tafiya. Amma rubutun nan reshe ne na wata taƙaddama da aka kusan shekara 50 ana yi tsakanin masu ƙirƙirar manhaja da masu kwafarta ba tare da biya ba.

Tun a watan Fabrairun 1976 Bill Gates, lokacin yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta a Amurka, yana ƙorafin cewa yawancinsu suna amfani da manhajar BASIC ta kamfaninsa ba tare da sun saya ba. Matsalar ita ce manhaja ba kamar buhun gero ba ce. In an kwafe ta, ta mai ita ba ta ragu ba, kuma kwafin bai bambanta da na asali ba ko kaɗan.

Ɗaya daga cikin dabarun da suka yaɗu ita ce lambar lasisi, wadda ake bugawa a jikin kwali ko takardar faifai. Sai dai a lokacin kwamfutar ce da kanta ke tantance lambar, ta hanyar wani ɗan lissafi da aka ɓoye cikin manhajar. A Windows 95 lambar guda 10 ce, kuma babban sharaɗin shi ne in an haɗa bakwai na ƙarshe, jimillar ta rabu da 7 ba saura. Ke nan mutum na iya rubuta 1 sau goma, ya wuce abinsa. Ko da lissafin ya fi haka wuya, da zarar wani ya gano shi sai ya haɗa ƴar manhajar da ke zubo lambobi iya son rai. Kuma lamba ɗaya na iya buɗe kwamfuta dubu, domin babu inda ake ƙirgawa.

Wannan giɓin ne Microsoft ya so toshewa da Windows XP a 2001. Lambar haruffa da alƙaluma 25 ce, kuma rubuta ta kaɗai bai isa ba. Kwamfutar tana duba sassan jikinta, ta haɗa wata shaida tata ta kanta, sannan ta aika wa kamfanin tare da lambar lasisin. Can ne ake duba ko an riga an yi amfani da lambar a wata na'ura. An ba mai saye kwana 30 ya yi wannan rajista, in ba haka ba a hana shi shiga. Wanda ba shi da intanet sai ya buga waya, ya karanto doguwar lamba, a karanto masa wata.

Tun kafin XP ya shiga kasuwa ranar 25 ga Oktoban 2001, asiri ya tonu. Microsoft ya keɓe wa manyan kamfanoni da ma'aikatu lambobi na musamman da ba sa buƙatar rajista, don kada a wahalar da mai kwamfuta dubbai. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta fara da FCKGW, ta sulale zuwa intanet, ta zagaye duniya a rubuce da alƙalami a bayan faifan kwafi. Sai a 2002 kamfanin ya toshe ta. A 2005 kuma ya tilasta wani tsarin bincike da ake kira Windows Genuine Advantage, wanda ya sha suka saboda lokutan da ya ɗora wa masu lasisin halal tambarin ɓarayi.

Daga nan aka ci gaba da wasan ɓuya. Aka ƙirƙiro wa ma'aikatu tsarin KMS, inda kowace kwamfuta ke sabunta izininta daga wata babbar kwamfuta ta ma'aikatar a cikin kowane kwana 180. Masu fasa manhaja suka yi ta bogi da ke zama cikin kwamfutar mutum tana amsa wa Windows cewa komai daidai ne. Irin waɗannan kayan fasawa su ne masu gyara da yawa ke yawo da su a kebul ɗin USB, kuma a nan haɗarin yake. Kafin su yi aiki, sai an kashe manhajar kariya, an kuma ba su cikakken iko a kan na'urar. Kamfanonin tsaron intanet sun sha kama kwafin KMSPico da aka cusa wa manhajar leƙen asiri, mai kwashe kalmomin sirrin da aka adana da bayanan asusun kuɗi. Matashin da ya yi murnar samun Office kyauta na iya biya da shafinsa na Facebook ko akwatin imel ɗinsa.

Akwai abin da masu sayen kwamfutar hannu ta gwanjo, da waɗanda ƴan'uwa ke aiko wa daga Faransa, Aljeriya ko Amurka, ya kamata su sani. Tun daga Windows 8 a 2012, manyan masu ƙera kwamfuta sun daina liƙa lambar a ƙarƙashin na'ura, suna dasa ta ne a cikin allon na'urar kanta. In an sake ɗora irin nau'in Windows ɗin da ta zo da shi, sai ta yi rajista da kanta da zarar ta hau intanet. Sau da yawa ana goge halastaccen nau'in Home a ɗora fasasshen Pro, mai kwamfuta ya rasa abin da tuni aka biya kuɗinsa.

Yau kamfanoni sun wuce maganar lamba ma. A 2013 Adobe, mai Photoshop da Premiere da masu ɗaukar hoto da tace bidiyon biki suka dogara da su, ya daina fitar da sababbin nau'o'in da ake saya sau ɗaya, ya koma kuɗin wata ko na shekara. Microsoft 365 kuwa yana son ganin kwamfutar a intanet kusan sau ɗaya kowane wata, in ba haka ba Word da Excel su koma a buɗe takarda a karanta kawai, ba gyara. Ga mai zaune a Paris wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke aiki inda layi ke zuwa yana tafiya, kuma ba shi da katin banki da ke biya a ƙasashen waje, ko da niyyar saye hanyar ba ta da sauƙi.

Abin mamakin shi ne, duk lokacin da tsarin binciken ya samu tangarɗa, mai biya ne ke tsayawa cik, mai kwafi na ci gaba da harkarsa. A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan Assassin's Creed II na kwamfuta da sharaɗin dole a kasance a intanet duk tsawon wasa. Da aka kai wa manyan kwamfutocinsa hari, waɗanda suka saya suka kasa wasa. Zuwa 2012 kamfanin ya sanar da yin watsi da tsarin. A ƙarshen Maris ɗin 2024 kuma ya rufe kwamfutocin da wasan The Crew ke dogara da su, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya, lamarin da ya haifar da gangamin neman doka a Turai.

Siyasa ma na iya juya makullin. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba da yi musu aiki. Ƴan Nijar da suka ga yadda takunkumin CEDEAO na 2023 ya taɓa wutar lantarki da harkokin banki ba sa buƙatar dogon bayani kan abin da hakan ke nufi ga mai sana'ar da kayan aikinsa ke neman izini daga wata ƙasa.

Kamfanonin kansu ba kullum suke son a toshe ƙofar gaba ɗaya ba. A 1998 Bill Gates ya faɗa a bainar jama'a, yana magana kan ƙasar Sin, cewa tunda dai satar za a yi, gara a saci nasu, mutane su saba, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Wataƙila shi ya sa Windows 10 da 11 marasa rajista ke ci gaba da aiki, illa ɗan rubutun nan na kusurwa da hana sauya adon allo.

Wanda ba ya son biya kuma ba ya son kasada yana da mafita ta halal. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, GIMP na gyaran hoto, Kdenlive na tace bidiyo, Ubuntu ko Linux Mint kuma na maye gurbin Windows ɗungurungum, har a kan tsofaffin na'urorin da Windows 11 ya ƙi karɓa bayan Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na bai ɗaya ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk suna da Faransanci, ba sa neman lamba, kuma lasisinsu ya yarda a kwafa a ba maƙwabci.