Kada ku yar da ganyen garka: miyar turmi don cin makaroni



In noman rani ya kankama, duk wanda ya ratsa garake na gulbin Maraɗi, ko na Mirya, ko na bakin kogi a Yamai, zai ga tulin ganye a bakin rijiya. Ganyen karoti ne, da na beterab, da na radi. An yanke saiwa an kai kasuwa, an bar ganyen. Mai tumaki ya kwashe kaɗan, saura ya ruɓe. Alhali ruwan da ka ja da guga, ko ka sayi mai ka ɗaga shi da inji, ganyen nan ma ya sha rabonsa. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta tashi tsaye kan noman rani, waɗannan kayan lambu suka yawaita a ƙauyuka. Mun koyi cin saiwarsu, amma ba mu koyi cin ganyensu ba.

Yau za mu kawo muku wata dabara daga nesa. A arewacin ƙasar Italiya akwai wani birni na bakin teku, sunansa Jenowa. Mutanensa suna da wata miya da suke kira pesto. Ma'anar sunan a harshensu ita ce abin da aka daka. Ba a ɗora ta a wuta. Suna samun ganyen wani irin ɗoɗɗoya mai ƙamshi, da tafarnuwa, da gishiri, da ƙwayar wani itace mai maiƙo, da cuku mai tauri, su daka a turmin dutse da taɓaryar itace, su zuba man zaitun, su cuɗa taliya da ita. Wani littafin girki da aka buga a Jenowa a 1863 ya riga ya rubuta yadda ake yin ta. Tun 2007 har gasar daka suke yi a birnin, mutane su zo daga ƙasashe da yawa. Da matan Tibiri sun je, da mun ga yadda za a kwashe!

Man zaitun da cukun Italiya ba namu ba ne, kuma suna da tsada. Amma ku duba da kyau: ganye, ƙwaya mai maiƙo, tafarnuwa, mai, gishiri, turmi. Wanne ne babu a gidanku? Wadda ta iya kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ta riga ta san rabin aikin. Bambancin shi ne nan ana daka ganyen har ya yi laushi, ya haɗe da mai, ya kama jikin makaroni.

Ga awon da zai isa makaroni rabin kilo. Ganye tsinkakke, cikin hannu biyu sau uku. Gujiya soyayya wadda aka murje ɓawonta, cikin hannu guda. Tafarnuwa ƙwaya 2 ko 3. Man gujiya cikin ƙaramin kofin shayi 1. Gishiri, da rabin lemun tsami. Mai son yaji ya sa tattasai ko barkono kaɗan.

Ganyen karoti shi kaɗai yana da ɗan ɗaci, kuma karansa yana da zare. Ku tsinke ganyen mai laushi, ku ba tumaki karan. Ku haɗa shi rabi da rabi da alayyahu, ko zogale, ko ganyen beterab. Ɗan lawashin albasa yana ƙara masa daɗi. In akwai ɗoɗɗoya a bayan ɗaki, ku jefa kaɗan don ƙamshi.

Ku wanke ganyen sau biyu ko uku, har ƙasa ta daina kwantawa a gindin kwano. Mutanen Jenowa ɗanye suke dakawa. Mu dai ba mu ba ku wannan shawara ba, domin ana ban ruwa da ruwan tabki da na kogi, ana kuma sa takin dabbobi. Ruwan da kuka ɗora don makaroni, in ya tafasa, ku tsoma ganyen ciki minti 1 ko 2. Zogale da ganyen radi, ku ba su minti 4 ko 5. Ku tsame, ku sa a ruwan sanyi mai tsabta, ku matse sosai. Ganyen da aka yi wa haka ba ya saurin yin baƙi.

Sai daka. A fara da tafarnuwa da gishiri. A zuba gujiya, a daka har ta fara fitar da mai. A riƙa sa ganye kaɗan kaɗan. In ya yi laushi, a kwashe a kwano, a zuba mai ana juyawa da cokali, a matsa lemu. Mutanen Tawa da Abalak masu cuku, ku daka busasshe guda ɗaya ku zuba, za ku ji bambanci. Wanda ba shi da gujiya ya sa riɗi ko garin ƙuli-ƙuli, amma ya ƙara mai.

In makaroni ya dahu, ku ɗebi ludayi guda na ruwansa kafin ku tace. Da shi za ku sassauta miyar. Ku sauke tukunya, ku zuba, ku cuɗa. Kada ku mai da ita wuta, ƙamshin zai gudu. Itacen da ya dafa makaroni shi kaɗai aka ƙona, ba a kuma sayi tumatir na gwangwani ba. Taliyar da ake murzawa a gida, da shinkafa, da dambu, duk tana hawa kansu.

Ganye mai duhun kore yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ga yara da masu ciki. Jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da maiƙo, ga shi kuwa miyar nan da mai aka haɗa ta.

To, yanzu ku karanta wannan a hankali, ku kuma karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Ba kowane ganyen garka ake ci ba. Ganyen tumatir da na dankalin turawa, kada ku sa. Ganyen rogo yana da guba wadda tsomawar minti biyu ba ta fitarwa. Ku tsince ciyawa, domin haukata-yaro yana fitowa a tsakanin shuka. In an fesa maganin ƙwari, wanki ba ya isa: sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. In ba ku gane rubutun ba, ku tambayi malamin gona. Ganyen kasuwa da ba ku san garkar da ya fito ba, ku bar shi. Gujiyar da ta yi funfuna ko ɗaci, ku zubar, tana lahanta hanta.

Abu mafi girma shi ne ajiya. Za a yi sha'awar a cika kwalba a rufe da mai don gobe da jibi. Kada ku yi haka. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa, tana iya manne wa ganye da tafarnuwa. Inda babu iska take girma, kamar ƙarƙashin mai, a cikin zafi irin namu. Gubarta ba lalle ta canza wari ko ɗanɗano ba. Tana sa mutum ya riƙa ganin abu biyu biyu, fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara, jiki ya mutu, har numfashi ya tsaya. Wanda ya ga haka, a kai shi likita nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Saboda haka ku daka abin da za a cinye a zama ɗaya. Mai firji yana iya ajiyewa kwana 3, ba fiye ba.

In ganye ya yi muku yawa, ganyen za ku ajiye, ba miyar ba. Ku tsoma shi a ruwan zafi, ku shanya a inuwa bisa tabarma mai tsabta har ya bushe ƙarau, ku ɗaure a buhu inda babu raɓa. Da bazara, in kasuwa ta yi ƙarancin ganye, sai ku tafasa shi kaɗan, ku matse, ku daka kamar yadda muka faɗa.

Wadda ta gwada, ta aiko mana da labari ta hannun malamin ajinsu: wane ganye ta haɗa, kuma yara sun ci ko sun ƙi. Za mu karanta wasiƙun a shirin manoma.