Hasken Rana Kyauta Ne, Batir Kuwa Sai Da Kuɗi

A watan Satumba na shekarar 2019, Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta gina. Irin wannan tasha ita ake kira ƙaramar tashar unguwa, wato wadda ke samar da wuta, ta adana ta, ta kuma rarraba ta a cikin harabar makaranta ba tare da jiran layin ƙasa ba. Tashar ta ƙunshi farantan sola 10,680 masu ƙarfin megawat 3.5, da batura masu adana megawat-awa 8.1, sai kuma injinan dizal na ko-ta-kwana masu megawat 2.4.

Jami'a wuri ne da ya dace da wannan tsari, domin yawancin ayyukanta da rana ake yi: azuzuwa, ofisoshi, ɗakin karatu da famfunan ruwa. Wutar da aka sha nan take, tana fitowa daga faranti, ita ce mafi arha. Matsala tana tasowa ne bayan magariba, lokacin da ɗakunan kwanan ɗalibai suka kunna fitilu, ga kuma firjin ɗakin gwaje-gwaje wanda in ya mutu dare ɗaya, binciken shekara guda na iya lalacewa. Ganye ya daɗe da warware wannan matsala, don kuwa yakan mai da hasken rana sitaci ya ajiye domin dare. Ɗan Adam kuwa sai da batir.

A nan lissafi ke tsananta. Batir mai megawat-awa 8.1 ba zai riƙe lodin megawat ɗaya fiye da awa takwas ba, har ma bai kai ba, tunda ba a zuƙe shi ƙarƙaf. Faranti yakan yi shekara 25 yana aiki, amma batir ba ya kaiwa haka. Dole a sauya shi aƙalla sau ɗaya, kuma zafi irin na Kano yana rage masa kwana. Da yake daga waje ake sayo shi, faɗuwar naira tun daga 2023 ta ninka kuɗinsa. Saboda haka tsarin da bai tanadi asusun sauya batir tun ranar farko ba, gurgu ne, komai kyan bikin buɗe shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa zuba wani kaso na kuɗin dizal da aka huta saye cikin wannan asusu, a kuma sa wa shaguna da gidajen ma'aikata mita.

Akwai wasu abubuwan. Ƙurar hunturu tana dushe faranti, don haka albashin masu wankewa da ruwansu na cikin kasafi. Hutu ma asara ne: a yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, rana ba ta fasa fitowa ba, masu shan wutar ne suka watse.

Duk da haka ma'auni ya karkata wajen sola. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin kilowat-awa ɗaya ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225, kuma jami'o'i da dama suna cikin wannan rukuni.