Keken Jarirai Mai Ƙafa Uku a Kan Rairayin Bibemi

Kayan gwanjon da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala sun wuce riguna da takalma. A cikin kwantenonin akwai kayan gida iri-iri da Turawa suka gama da su, kuma daga cikin abin da ke haurowa arewa har Garwa akwai keken tura jarirai. Daga can wani magidanci zai saya wa maiɗakinsa, ko gwaggo ta kawo shi gudummawar suna, ya bi ta Pitowa ya iso Bibemi. Yawanci ba kwali, ba takardar bayani, mai sayarwa kuma bai taɓa sa yaro a ciki ba balle ya ce ga yadda ake yi. Mai saye kan dubi launi, ya tura gaba ya jawo baya, a yi ciniki. Wannan dubawa ta yi kaɗan ga abin da za a ɗora ɗan mutum a kai.

Kafin a je ga keke, a ba goyo haƙƙinsa. Jaririn da ke bayan uwarsa, an ɗaure shi da zane an ƙara da majanyi, yana jin ɗumin jikinta da numfashinta, ita kuma tana jin motsinsa ko ba ta waiwaya ba. Likitoci ma sun dawo kan wannan hanya. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, Dokta Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben da ake sa bakwaini, sai ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure jariran a ƙirjinsu, fata da fata. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara yi wa bakwaini haka tun daga haihuwa. Akwai kuma batun tsayi. Fuskar yaron da ke cikin keke ba ta kai mita ɗaya daga ƙasa ba, wato daidai bakin salansar babur. Masana a Jami'ar Surrey ta Ingila sun bayyana a 2018 cewa gurɓatacciyar iskar da irin wannan yaro ke shaƙa tana iya ɗara ta mai tura shi da kashi 60 cikin ɗari. Wanda ya ga ƙurar da garken shanu ke tayarwa a hanyar kasuwar Adumri lokacin rani ya san inda ta fi kauri.

Duk da haka akwai gidajen da keke ya zame musu rahama. Mai tagwaye bayanta ɗaya ne. Wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa ba za ta tamke ciki da majanyi ba sai ɗinki ya warke. Akwai mai tsohon ciki da ke da ɗan shekara biyu wanda nauyinsa ya haura kilo 10, ga asibiti da nisa, ga ranar rigakafi ta zo. Akwai yaron da ya kai shekarun tafiya amma wata larura ta hana shi, uwarsa na ta goyonsa har ƙafafunsa na dukan cinyarta. Sannan akwai uba. A al'adarmu namiji ba ya goyo, amma ba wanda zai ga laifinsa in ya tura ɗansa zuwa awo ranar da uwar ke kwance. Saboda waɗannan mutane nake ganin maganar ta cancanci a zauna a kanta.

Siffar kowane keke tana bin ƙasar da aka ƙera shi dominta. Wanda William Kent ya yi wa gidan wani basaraken Ingila a 1733, akuya ko ɗan ƙaramin doki ke jan sa a cikin lambu. Mai naɗewa kamar lema, wanda ya fi yawa a kasuwa, injiniyan jiragen sama Owen Maclaren ne ya fito da shi a 1965, da ƙananan ƙafafu da suka dace da daɓen siminti. Mai ƙafa uku kuwa wani ɗan jarida ne a Amurka, Phil Baechler, ya haɗa shi da tayoyin keken hawa don ya riƙa gudun motsa jiki tare da ɗansa, kuma a 1984 ya kafa kamfanin Baby Jogger. Babu mai gudu da jariri a Bibemi, amma abin da ya sa wancan keke ya iya bin tsakuwa da ciyawa shi ne zai sa ya iya bin lungunanmu. Ƙaramar ƙafa tana nutsewa a rairayi ta yi ta tura shi gaba kamar mai huɗa, babbar taya kuwa hawa take yi ta wuce. In da iska a cikinta, ita ke shanye girgizar hanya kafin ta kai ga ƙashin bayan yaro.

A nan ake yaudarar mutane da yawa. Ba kowane mai ƙafa uku ne na hanya mai gargada ba. Akwai waɗanda aka yi wa siffar don ado kawai, ƙafafunsu na roba mai tauri ne, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba. Irin wannan ba zai fita daga tsakar gida ba. Wanda ake nema shi ne mai tayoyi na gaske, inci 12 zuwa 16, kuma an yi dace domin girman tayar keken yara ke nan: robar cikinsa tana samuwa wurin masu gyaran keke, mai faci na bakin hanya ma ya san aikinta.

Ƙafa uku tana da halin murhu. Duwatsu uku ba sa rawa ko ƙasa ba ta daidaita ba, domin kowanne sai ya taɓa ƙasa, alhali mai ƙafa huɗu yakan ɗaga ɗaya a kan tudu. Amma wannan siffa tana da tsini a gaba, kuma nan rauninta yake. Idan nauyi ya karkata zuwa gaba ta gefe guda, babu ƙafar da za ta tare shi. Haka kan faru in an sha kwana da sauri, ko an bi gangara a karkace, ko yaro ya leƙo yana miƙa hannu ga wani abu, ko an sauko daga dokin ƙofa da tayar gaba ita kaɗai. Daidai shi ne a danna mariƙi ƙasa, tayar gaba ta ɗaga, a haura ko a sauka da na baya biyun. Ta baya ma yana kifewa, kuma jaka ce sanadi. Uwa ta rataye jakar cefane a mariƙi, yaro ya jingina, ita ta saki hannu don ta biya kuɗi, sai keke ya tafi da ƙeyar yaro ƙasa. Kaya wurinsu kwandon da ke ƙarƙashin kujera, inda nauyinsu ke ƙara danne keken.

Wannan ba tsoratarwa ba ce ta fatar baki. Wani bincike da asibitin yara na Nationwide da ke jihar Ohayo ya fitar a 2016 ya ƙirga yara kusan 361,000 'yan shekara biyar zuwa ƙasa da aka kai sashen gaggawa a Amurka tsakanin 1990 da 2010 saboda raunin da suka ji a keken jarirai ko abin ɗaukar su, kimanin yara biyu a kowace awa. Mafi yawansu faɗowa suka yi, sai waɗanda keke ya kife da su, kuma kai da fuska ne suka fi jin jiki. Can ke nan, inda titi yake a shimfiɗe kuma asibiti ke kusa.

Saboda haka abin dubawa na farko a rumfar gwanjo shi ne maɗauri. Mai kyau yana kama yaro ta wuri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu ta gefe biyu, da tsakanin ƙafafu. Na tsakanin ƙafafun shi ne wanda aka fi samu ya ɓace, kuma shi ne ke hana yaro zamewa ƙasa har wuyansa ya maƙale. A ja kowanne da ƙarfi, a kulle maƙullin a ji ya yi ƙas, a sake ja. In mai kaya ya ce ai sai a ɗaure da ɗankwali, a yi masa sallama. Ɗankwali a ciki yake tsayawa, yaro kuma ta ƙarƙashinsa yake sulalewa.

Bayansa sai birki. A taka shi, a tura keken da ƙarfi: tayoyin baya biyu su ƙi juyawa duka. Sai tayar gaba, wadda ya kamata ta riƙa juyawa hagu da dama a wuri mai daɓe, kuma a iya kulle ta ta miƙe sak in za a shiga rairayi. A ɗaga gaban keken a girgiza ta a ga ko tana zaune daram. A 2018 hukumar kare masu saye ta Amurka ta shigar da ƙara kan kamfanin Britax game da kekunan jarirai samfurin BOB kusan rabin miliyan, bayan ƙorafe-ƙorafen cewa tayar gaba tana ficewa ana cikin tafiya. Kamfanin ya ce rashin ɗaure ta daidai ne, aka sasanta daga baya. Ko ma wa ke da gaskiya, mai saye a gwanjo ba wanda ya koya masa ɗaurin. Haka a 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranye kan kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka, bayan mahaɗin naɗewa ya datse kan yatsun yara 12. Sanarwa irin wannan ba ta biyo kwantena zuwa Garwa. Don haka a buɗe keken a naɗe shi sau da yawa a gaban mai kaya, a tabbata yana kullewa in an buɗe, kuma a gida kada a taɓa naɗe shi yaro na tsaye kusa. Ƙarfen da aka yi wa walda a mahaɗi, ko robar da ta yi fari-fari tana tsagewa, a bar wa mai shi.

Jaririn da bai kai wata shida ba wuyansa bai riƙe kansa ba. In aka zaunar da shi, kai ya faɗo ƙirji, hanyar numfashi tana iya matsewa ba tare da ya yi kuka ba. Sai kujerar da ke kwantawa sosai ta dace da shi. In ba ta kwantawa, a jira ya iya zama, kafin nan zane ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafi, domin soyayya ce ke jawo haɗarin. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi a kwarin Binuwai yakan haura digiri 40. Uwa ta ga rana na dukan ɗanta, ta zare mayafi ta lulluɓe keken ruf. Ta tare rana, ta kuma tare iska, zafi ya taru a ciki, ga shi ba ta ganin fuskarsa. Jikin jariri yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma wanda zafi ya galabaitar yakan yi shiru, a zaci barci ne. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada wannan, suka wallafa a 2023: busasshen yadi ya ƙara zafin cikin keke har zuwa kusan digiri 4, jiƙaƙƙen yadi tare da 'yar fanka kuwa ya rage shi da kusan digiri 5. In dole ne a rufe, a jiƙa siririn yadi a matse, a bar gefe a buɗe, a sake jiƙawa da zarar ya bushe, wanda a iskarmu ta bazara ba ya daɗewa. Mafi alheri a fita da sassafe ko bayan la'asar. Keken da ya yini a rana kuma, a taɓa maƙullinsa da bayan hannu kafin a sa yaro, domin yana ƙuna. Da damina, in magariba ta gabato, ragar sauro ce abin rufawa, tana tare sauro ta bar iska ta wuce.

Kula da shi ba ya buƙatar kuɗi sosai, sai dai naci. Babbar abokiyar gabar tayar iska a nan ita ce ƙaya: tsidau a fili, aduwa da bagaruwa a bakin hanya. In an dawo a juya tayoyin a cire abin da ya soke tun bai kai robar ciki ba. Adadin iskar da taya ke ɗauka a rubuce yake a gefenta, a nuna wa mai faci, kada ya ɗura mata irin ta babur, don tayar da aka cika aka bari a rana fashewa take yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa baƙin mai ko giris a ko'ina don ƙara ta daina. Mai yana kama rairayi, su haɗu su riƙa cin ƙarfe. A zare tayar, a goge sandar da busasshen tsumma, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan, a goge rarar. Da damina a wanke laka tun ba ta bushe a birki ba, a shanya a inuwa, kada a naɗe shi da danshi don yadin zai yi fumfuna, ƙarfen ya yi tsatsa. Ajiyarsa a ɗaki, nesa da buhun hatsi, domin ɓera yana cin maɗauri. Kuma kullum a kakkaɓe kujerar kafin a kwantar da yaro, kunama tana son lungun yadi.

Da yaro ya fara tafiya, ko ma kafin nan, keke kan koma abin ɗibar ruwa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1888 ta kasa kekunan gida biyu, masu ɗaukar yaro har kilo 15 da masu kai wa 22. Jarkar lita 20 kilo 20 ce, kuma ba ta zama yadda yaro ke zama. Sandar taya ta lanƙwashe, mahaɗi ya saki, badi a haifi ƙane a mayar da shi ciki. Yayye ma kan ɗauke shi abin wasa, su yi tsere da ƙanensu a ciki har bakin kwata. Yarinyar da mariƙi ya kai mata goshi ba ta ganin gabanta, kuma ba ta da ƙarfin riƙe shi a gangara.

Kirana ga ma'aikatan awo da rigakafi ne, a asibitin gundumar Bibemi da ƙananan cibiyoyin ƙauyuka. Ku ne kuke ganin waɗannan kekuna a jere a bakin ƙofa, kuma maganarku iyaye mata suke ji. In kun ga wanda ba maɗauri, ko wanda aka lulluɓe da mayafi da tsakar rana, ku faɗa wa uwar nan take, kafin ta juya gida.