Nawa Ne Kwabon Kaka?

(Ƙarar sulalla ana zuba su cikin kwanon sha, sai kiɗan garaya a hankali)

MAI GABATARWA: Wannan ƙara da kuka ji, yaran yanzu da dama ba su san ta ba. Har gobe muna cewa wane ba shi da ko anini, ko kuma ban ba shi ko sisin kwabo ba, alhali mai faɗar bai taɓa riƙe anini ko sisi ba. Shirinmu na yau a kan tsofaffin sulalla ne, da masu tara su, da masu zuba jari a cikinsu.

(Kiɗa ya lafa)

Bayan rasuwar kakata, Allah ya jiƙanta, an buɗe adakarta aka sami wani ƙullin tsumma mai ƙamshin kanumfari a ƙarƙashin zannuwa. A ciki akwai kwabo mai huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci, da shekarar 1936. Da na karanta sunan sarkin da ke jiki, gabana ya faɗi don murna: Edward na Takwas ne, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairun 1936 ya yi murabus a Disamba. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, shi ya sa sulen zinariya guda mai hotonsa ya kai fam miliyan 1 a 2020.

Nan da nan na samo toka da lemon tsami, na dirje kwabon har ya ɗau ido, na nufi Kasuwar Kurmi a Kano. Wani dattijo mai sayar da kayan gargajiya ya juya shi gaba da baya, ya yi murmushi, ya jawo wani gwangwani ya buɗe mini. Irinsa ne fal a ciki. Ya ce, ɗana, wannan ai miliyoyi aka bugo mana, kuma ɗan abin da zan ba ka, ka wanke shi da toka.

A ranar na koyi karatun farko na wannan harka: tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada. Masu saye abu uku suke dubawa. Guda nawa suka rage a duniya? Yaya lafiyar jikinsa? Mutum nawa ke nemansa? A Amurka har ma'auni gare su daga 1 zuwa 70, kuma wanda aka goge ya faɗi warwas, domin wannan dusashewar da muke ɗauka datti ce, ita ce shaidar shekarunsa.

(Kiɗa)

Ku ji abin da ƙaranci ke yi. A 1933 Amurka ta buga sulallan zinariya na dala 20 har guda 445,500. Kafin a sake su, Shugaba Roosevelt ya hana jama'a ɓoye zinariya, aka narkar da kusan dukkansu. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira ya faɗa hannun Sarki Faruk na Masar. A 2021 an yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 18.9.

Ga wani kuma da ya fi kusa da zukatanmu. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fitar da dinare mai rubutu zalla, babu hoto, a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa kimanin giram 4.25. Wani dinaren Banu Umayya na shekara ta 105, mai ambaton ma'adinin Sarkin Muminai a Hijaz, ya kai fam miliyan 3 da dubu 720 a Landan a 2019. Zinariyar da ke jikinsa ba ta fi ta ɗan ƙaramin zobe ba. Ragowar kuɗin duk na tarihi ne.

To mu nan me muke da shi? Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Bayan wuri ga liyari, azurfar Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita, mata suka mayar abin wuya. A nan ma a yi hattara: kusan kowane liyari 1780 ne a jikinsa, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara bayan rasuwar sarauniyar. Yawanci darajarsa ta azurfarsa ce, giram 28 ne nauyinsa, kuma na gaske ba ya bin maganaɗisu. Sai aninin 1907, na alminiyon, wanda ke cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam guda, har ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta karɓi fage.

Mai son zuba jari ya bambance hanya biyu. Akwai sulallan zinariya da ake saye don nauyinsu, farashinsu na bin kasuwar zinariya, kuma malamai za su tuna maka zakka idan sun kai nisabi, wato dinare 20. Akwai kuma na tarihi, waɗanda ba su haihuwa, ba su ba da riba duk wata, kuma ran da ka matsu ba lalle ka sami mai saye ba. Kada a taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara. Wanda kuma ya kira ka a waya ya ce wani Bature na neman kwabo mai huda a kan miliyoyi, amma ka fara turo kuɗin gwaji, ka tuna kwaɗayi mabuɗin wahala.

(Ƙarar kwabo guda ya faɗi a kan tebur)

Kwabon kakata ke nan, yana nan ban sayar ba. Abin da ke ci mini rai ba dirzar da na yi masa ba ce. Tana raye ban tambaye ta me kwabo yake saye a zamaninsu ba, ko dalilin da ya sa ta ƙulle wannan shi kaɗai. In akwai tsohuwa a gidanku, ku roƙe ta ta kwance ƙullinta yau, ku zauna ku ji labari. Ku dai bar toka a murhu.



(Kiɗan rufewa)