Ƙaramar Kalma Mai Juya Magana a Ingilishi

Yau hirarmu a kan Ingilishi take.

Me ya kawo maganar? In ka tashi daga Maradi ka bi hanyar Ɗan Isa, ka tsallake iyaka, sai Jibiya, sai Katsina, har Kano. Can, takardar asibiti da ta banki da allon bakin hanya, da Ingilishi ake rubuta su. Nan gida ma, a shekarar 2025, hukuma ta tsai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan ɗan kasuwar Sabon Gari, da mai lambun Jiratawa, da direban Tibiri, kowa yana da bukata.

To, ga inda masu koyo suke yin tuntuɓe. Ku dubi Hausarmu tukuna. Ci tuwo daban, ci gaba daban, ci amana daban. Baƙon da cin tuwo kaɗai ya sani, in ya ji an ce wane ya ci amana, sai ya tambaya da wace miya aka ci.

Ingilishi ma haka yake. Kalmar aiki takan jawo ƙaramar kalma a bayanta, sai magana ta juya.

Ga look, ana faɗinta luk, wato duba. Amma:

look for, nemi abu;
look after, kula da abu;
look out, yi hattara.

Ku lura da kyau. In wani a tashar mota ya ce maka "look after my bag", amanar jakarsa ya ba ka. Ba cewa ya yi ta ɓata ka nemo ta ba. In ka tashi ka bar wurin aka ɗauke, bakinka ne. In kuma ka ji an yi tsawa an ce "look out", kada ka tsaya kallo. Kauce!

Ga na tafiya. Get on, hau mota babba ko jirgi. Get off, sauka. Slow down, rage gudu. Break shi ne karya, amma in an ce mota ta yi break down, lalacewa ta yi a hanya.

Ga na gida da na kasuwa. Turn on, kunna. Turn off, kashe. Put on, sa tufa. Put off, ɗaga ranar wani abu. Pay back, biya bashi. Fill in, cika takarda. In ma'aikaci ya miƙo maka takarda ya ce fill in, ka fahimci abin da ke ciki kafin ka sa hannu. Tambaya ba kunya ba ce.

Yaya za ku riƙe su? Kada ku raba kalmomin nan biyu. Ku rubuta su tare a littafinku, da Hausarsu a gefe. Ku ɗauki uku kowane sati. Ku faɗe su da ƙarfi, malami yana ji yana gyara muku, don rubutun Ingilishi ba ya bin faɗi kamar na Hausa. Yaranku da ke lakwal ma, ku zauna da su da dare ku tambayi juna.

Uku a sati, kafin wata huɗu kun haye arba'in. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.