Gwajin Batirin Caji da Yadda Ake Kwatanta Shi: Misali daga Zangon Nima da Maamobi

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake gwada batirin caji, musamman irin wanda ake sa wa motar wasa mai rimot, tare da ɗaukar misali daga Nima da Maamobi, unguwanni biyu na Zango a birnin Akra, inda Hausa take zama harshen ciniki tsakanin kabilu daban-daban. Manufar ita ce ɗalibi ya ga yadda Hausa take ɗaukar bayanin kimiyya, ya kuma fita da ilimin da zai amfane shi a kasuwa.

Dalilin da ya sa batun yake da muhimmanci

Tun daga shekarun 1960 Gana ta dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Akosombo wajen samun wutar lantarki. Tsakanin 2012 da 2016 ƙasar ta yi fama da yawan ɗauke wuta, abin da mutane suka laƙaba wa suna dumsor, daga kalmomi biyu na harshen Tuwi masu nufin kashewa da kunnawa. A wannan lokaci fitilar caji da rediyon caji suka shiga gidaje da yawa. Motar wasa mai rimot, wadda uba kan saya wa ɗansa da Salla, ita ma da irin wannan batir take tafiya. Ta fi fitila tona asirin batir, domin injinta yana jan wuta da ƙarfi a lokaci guda. Batirin da zai riƙe fitila har dare ya raba yana iya kasa motsa mota bayan mintoci kaɗan.

Ire-iren batirin caji

Abin da ake kira batirin mota a nan dami ne na ƙwayoyi da aka jera aka ɗaure wuri guda. Ƙwayoyin iri huɗu ne aka fi sani:

1. Na dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859. Kowace ƙwaya bolt 2 ce. Yana da arha, amma yana da nauyi, shi ya sa aka fi ganin sa cikin fitilu.

2. Na nikel da kadmiyam, wanda Waldemar Jungner ya ƙirƙiro a Suwidin a 1899. Ƙwayarsa bolt 1.2 ce. Yana da juriya, sai dai kadmiyam guba ne.

3. Na nikel da ake rubuta wa NiMH. Shi ma bolt 1.2 ne, amma ya fi na biyu ɗaukar caji.

4. Na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara kai wa kasuwa a 1991. Ƙwayarsa bolt 3.7 ce, tana kai wa 4.2 idan ta cika. Wanda ake rubuta wa LiPo ɗan wannan gida ne. Ba shi da nauyi, amma ba ya son wasa.

Lambobin da ke jikin batir

Lambobi biyu mai saye zai duba. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, mAh kuwa yawan cajin da batir yake riƙewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta mAh kaɗai. Daidai shi ne a ninka bolt da mAh, a raba da 1000. Alal misali, damin NiMH mai ƙwaya shida bolt 7.2 ne, idan 3000 mAh ne, sakamakon 21.6 ke nan. Damin LiPo mai ƙwaya biyu bolt 7.4 ne, idan 2200 mAh ne, sakamakon kusan 16.3 ne. Na farko ya fi tara wuta, na biyu ya fi sauƙin nauyi, kuma a mota nauyi ma abin lissafi ne.

Matakan gwaji

Rubutun jikin batir alkawarin mai sayarwa ne kawai, gwaji ne zai nuna ko an cika shi. Ana buƙatar mitar awon bolt irin ta masu gyaran rediyo, da agogo, da ƙwan fitila wanda aka san yawan wutar da yake ja.

Da farko a cika batiran duka da cajar da ta dace da kowanne, a bar su su huce, sannan a auna bolt a rubuta.

Na biyu, a haɗa ƙwan fitilar a sake aunawa yana kunne. Lafiyayyen batir kaɗan yake sauka. Wanda ya tsufa yakan nuna lamba mai kyau idan yana zaune, amma da an ɗora masa aiki sai ya faɗi ƙasa sosai.

Na uku, a bar ƙwan yana ci, ana duba agogo. A tsaya idan NiMH ya sauka zuwa bolt 1.0 a kowace ƙwaya, LiPo kuwa kada ya wuce ƙasa da 3.0, in ba haka ba zai lalace. Idan ƙwan yana jan amfiya 1, kuma ya yi awa 3, batirin yana riƙe kimanin 3000 mAh. Idan awa 1 ya yi, kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da aka rubuta.

Na huɗu, a gwada a mota. Sharaɗi shi ne mota guda, fili guda, mai tuƙi guda, batir kawai ake canzawa. Gudu a kan siminti da gudu cikin yashin lungu ba ɗaya ba ne. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici, domin gwaji ɗaya ba ya zama hujja.

Gane jabu

Ƙwayar litiyam mai lamba 18650, wadda ake sa wa tocila, nagartacciyarta ba ta wuce kimanin 3500 mAh, nauyinta kuma wajen giram 45 ne. Duk wadda aka rubuta wa 9900 mAh ƙarya ce, kuma sau da yawa hannu kaɗai zai ji ba ta da nauyi. Wannan ya shafi mai saye a kasuwar Nima kamar yadda ya shafi mai saye a shagunan waya na Kwame Nkrumah Circle.

Hattara

Zafi abokin gabar batir ne, ga shi ɗakin kwano a Akra yana ɗaukar zafi da rana. Batirin litiyam da ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, kuma a unguwar da ɗakuna suke manne da juna gobarar ɗaki guda ta kowa ce. Saboda haka kada a bar shi a caji a kwanta barci, kada a yi cajinsa a kan katifa, kada kuma a sa masa cajar NiMH. Idan za a ajiye shi na dogon lokaci, a bar shi wajen bolt 3.8 a kowace ƙwaya. Mataccen batir ba a jefa shi cikin wuta ko kwata, domin dalma da kadmiyam suna gurɓata ƙasa da ruwa.

Kammalawa

An ga cewa kwatanta batir yana bukatar awo, da lissafi, da maimaita gwaji a yanayi iri ɗaya. Ta fuskar harshe kuma, ɗalibi zai lura cewa batir, caji, rimot da mita kalmomin aro ne da suka bi tsarin furucin Hausa, yayin da dami, ƙwaya da ƙwai tsofaffin kalmomi ne da aka faɗaɗa ma'anarsu. Aikin gida: a nemo wasu kalmomi biyar na kowane rukuni daga bakin masu gyaran rediyo ko waya, a bayyana asalin kowace.