Jirgin da Ba Ya Shan Mai

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Shagari da tsakar ranar bazara ya san abin da zan faɗa. Da ka wuce Boɗinga, zafi ya kai ƙasa tana rawa a ido, sai ka hango guguwa ta taso a tsakiyar gona, ta kwashi ƙura da karmami da tsohuwar leda ta yi sama da su. Ɗaga kai kaɗan. Sau da yawa za ka ga shirwa biyu ko uku can bisa suna kewayawa, fukafukai a shimfiɗe, ko kaɗa su ba sa yi, amma sai ƙara nisa suke. Idan damina ta kusa, har shamuwa takan shiga sahu.

Ba tsafi ba ne. Rana ce ke gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi, sai ta miƙe sama kamar hayaƙin murhu. Tsuntsu ya shiga cikinta ta ɗauke shi kyauta. Wannan dabarar ce mutane suka kwaikwaya suka ƙera jirgin sama mara inji, har ya zama wasan da ake gasar duniya a kansa.

Bajamushen nan Otto Lilienthal ne ya yi suna da gwajin farko daga 1891, kuma a kan gwajin ya rasa ransa a 1896. Abin ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka ɗaure wa Jamus hannu a kan jirage masu inji. Sai matasansu suka koma kan dutsen Wasserkuppe daga 1920 suna gasa da marasa inji, kuma a can aka yi gasar duniya ta farko a 1937.

Tashin jirgin ba wuya. Wani ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi da igiya, ko a fizge shi da na'ura daga ƙasa kamar ana jan guga, in ya yi sama matuƙi ya saki igiya. Daga nan sai wayonsa. Akwai 'yar na'ura a gabansa mai ƙara: in iska na ɗaga shi sai kukanta ya yi tsini, in yana nutsewa ya yi ƙasa. Ya samu iska mai hawa ya yi ta kewayawa kamar shirwa, ya tara tsawo, ya miƙe ya nemi ta gaba. A gasa akan yanka musu zagaye na kilomita ɗari uku ko fiye, wanda ya fi sauri shi ya ci.

To, a nan fiffike ya shigo. Gwargwadon tsawonsa da sirantakarsa, gwargwadon nisan da jirgi zai yi kafin ya taɓa ƙasa. Wani samfurin Jamus mai suna Eta, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ya haura mita 30, kuma daga tsawon kilomita ɗaya a sama yana iya sulalewa fiye da kilomita 60. Sai dai kuɗinsa sai wane da wane. Tun kafin Eta, da aka ga gasa na neman zama ta masu aljihu, hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ta buɗe sabon aji a gasar 1958 a Leszno ta ƙasar Folan: kada fiffike ya wuce mita 15. A 1978 aka ƙara wani ajin na mita 15 a Faransa, wanda aka yarda a sa wa fiffikensa ƙarin dabaru. Mu da muka san sukuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba. In an haɗa ingarma da ƙuru a fage, ba gwanintar mahayi aka auna ba.

Mita 15 ta karɓu sosai, kuma yawancin dalilan na ƙasa ne, ba na sama ba. Mutum biyu ko uku sun isa su zare fukafukan su zura jirgin a doguwar tirela, ƙaramar mota ta ja. Yana juyi a matse cikin siririyar iska. Idan kuma iska ta yaudari matuƙi, ya ga dole ya sauka a gonar wani, gajeren fiffike ya fi sauƙin shiga tsakanin itatuwa. Duk da haka daga kilomita ɗaya a sama yana cin fiye da kilomita 40, wato ya tashi daga Boɗinga ya sauka Shagari har da saura. A Amurka ma wani ƙarami mai suna Schweizer 1-26, mai fiffiken mita 12 da ɗoriya, an ƙera kusan 700 daga 1954, kuma masu shi suna gasarsu su kaɗai.

Amma gajarta ma tana da iyaka. A 1993 aka zaɓi wani jirgin Folan, PW-5, mai mita 13 da rabi ba kaɗan, aka ce kowa ya hau iri ɗaya, a ga gwani. An yi gasarsa ta farko a Turkiyya a 1997. Niyya ta yi kyau, kasuwa ta ƙi. Da kuɗin sabon PW-5 mutum zai sayi tsohon jirgi na hannu mai mita 15 da ya fi shi tafiya, to wa zai biya tsada ya sayi baya? Daga bisani aka sauya shi da ajin mita 13.5, aka fara a Lituweniya a 2015, har yau kuwa bai kamo ƙafar na 15 ba. A ganina laifin masu shiryawa ne: sun ɗauka araha a takarda ita ce araha a aljihu.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. Kwame Nkrumah ya gayyato Hanna Reitsch, matuƙiyar da ta yi wa gwamnatin Hitler aiki (tarihin da ba ya wankuwa), ta buɗe makarantar koyon irin wannan tuƙi a Afienya ta Gana a 1962, ta zauna har juyin mulkin 1966. Afirka ta Kudu ta karɓi gasar duniya a Mafikeng a 2001, kuma kamfanin Jonker da ke ƙasar yana ƙera jiragen da ake cin kofi da su. Turawa na kwarara Bitterwasser ta Namibiya duk ƙarshen shekara don neman zafin ƙasa irin wanda mu muke kuka da shi.

Mu ma muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya tun 1964, muna da fili shimfiɗaɗɗe bayan an cire amfanin gona, ga rana har ta yi yawa. Hazon hunturu ne babban cikas, don matuƙin da ba ya ganin ƙasa bai da abin yi a sama, sai kuma sha'anin tsaro da ya hana mutum sauka a dajin da ya ga dama. Kafin a kai can, malaman kimiyya na makarantun Boɗinga da Shagari, don Allah ku fito da yara waje da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, ku nuna musu shirwa.